Ambato Guda a Ƙasan Shafi

A shekarar da rufin gine-ginen jami'ar ya fara yoyo, hukuma ta kwashi malamai daga sassa daban-daban ta zuba su a duk ɗakin da ta samu busasshe, ba tare da ta tsaya duba wa ya dace da wa ba. Ta haka aka haɗa mutum uku a wani ɗaki na hawa na biyu, mai taga ɗaya da fanka mai kuka, aka ce musu na ɗan lokaci ne. An gyara rufin tuntuni, amma ba wanda ya sake tunawa da su.

Teburin jikin taga na Daktar Daji ne. Haka kowa ke kiranta, har masu shara. Aikinta zana taswirar dazuzzuka da na'urar rada. Tauraron ɗan'adam ne ke harbo wata igiya marar ganuwa daga sama, ta ratsa gajimare, ta bugi rassan itatuwa, ta koma inda ta fito. Daga ƙarfin abin da ya koma ake gane inda daji ya yi duhu da inda gatari ya bi ta kansa. Sai dai na'ura ba ta san bambancin itace da tsauni mai kaushi ba sai an koya mata, don haka Daktar kan ɗauki igiyar awo ta shiga dajin da ƙafarta, ta rungumi itatuwa ɗaya bayan ɗaya tana auna kaurinsu, ta dawo da ƙaya a gefen zane da cizon cinnaku a idon sawu.

Teburin tsakiya na Darakta ne, wanda bai taɓa shirya fim ko na minti ɗaya ba. Bincikensa tambaya ce guda: wane ne ainihin mai fim? Mai ba da umarni ne, ko marubucin labari, ko mai riƙe da kyamara, ko mai yanka hoto yana haɗawa? Ya shafe shekara da shekaru a kan wannan, kuma duk lokacin da wani ya yarda da amsarsa sai ya sauya ta, domin a ganinsa ra'ayin da mutum biyu suka yarda da shi ya riga ya lalace.

Na bakin ƙofa kuwa Ƙidayau ne, daga sashen nazarin laburare. Shi aikinsa ƙirga wane masani ya ambaci aikin wane a cikin rubutunsa, kuma sau nawa. Ba ya karanta maƙala daga farko. Shafin ƙarshe yake buɗewa, inda ake jera madogara, ya ƙirga ya rufe. In ya gaishe ka da fara'a to an ambace ka da yawa. In ya ɗaga maka hannu kawai daga nesa, ka san matsayinka.

A bana kuwa kwamitin ƙarin girma ya fito da sabuwar doka: ba za a ɗaga kowane malami ba sai ya nuna cewa wani masani daga wajen sashensa ya ambaci aikinsa a rubuce, ko da sau ɗaya ne. Daktar Daji tana da maƙala guda da take ji da ita, mai cike da taswirori. Ta fito a mujalla, aka yi mata bango mai sheƙi, sannan duniya ta yi tsit. Shugaban sashenta kuma ya kira ta, ya ba ta kujera mai kyau, ya gaya mata cikin ladabi cewa idan ƙarin girman bana ma ya wuce ta, za a rufe ɗan ɗakin da take ajiye na'urorinta a mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ita kuma za ta koma koya wa 'yan shekarar farko yadda ake gane arewa a takarda. Daji kam sai dai ta gan shi a talabijin.

Tun daga ranar, kowace safiya in ta shigo ta ajiye jaka, sai ta dubi Ƙidayau. Shi kuma ya haɗa babban yatsa da manuniya ya yi mata zobe.

"Sifili, ranki ya daɗe. Amma sifili mai tsabta, ba ko ɗigo a jikinsa."

A gida ma ba ta samu wanda ya fahimci ciwon ba. Mahaifiyarta, wadda ke zaune tare da su, ta tsare ta a falo tana ninke kayan wanki.

"Wai ni me mutanen nan suke nema ne a wurinki?"

"Ambato, Mama. Wani ya ambaci aikina a cikin nasa."

"To ni ba mutum ba ce? Akwai sallar da nake sallamewa ban ambace ki ba? Ga kawunki ma ko jiya sai da ya ambace ki, ya ce kin yar da zumunci."

"A rubuce suke so, Mama. Kuma daga masani."

"Kawun naki ai ya iya rubutu. Hannunsa ma ya fi naki kyau."

Maigidanta, mai shagon sayar da magani, ya leƙo daga bayan jarida ya ce shi kam ya karanta maƙalar har shafi na biyu, kuma yana iya rantsuwa cewa a duk shagonsa babu maganin barcin da ya kai ta. Daktar ta dube shi ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baban yara," da wata irin murya da ta sa ya koma bayan jaridarsa bai ƙara fitowa ba.

Ana cikin haka, wata safiya ta shigo ofis ta dubi Ƙidayau kamar kullum, sai ta ga bai ɗaga hannu ba. Miƙewa ya yi tsaye, ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa ya sake ɗaurawa.

"Dakta, ki zauna."

"Ai a zaune nake."

"To ki ƙara zama. An ambace ki."

Ta yi hamdala a hankali, har sau uku, tafin hannunta a ƙirji. Nan take zuciyarta ta zana mata wani dattijon masani a wata ƙasa mai nisa, zaune a ɗaki mai cike da littattafai, yana duba taswirarta yana gyaɗa kai. Har ta ji tana yi masa addu'ar gamawa lafiya.

"Wane bawan Allah ne?"

Ƙidayau ya ɗan ɓata fuska, domin a wurinsa wannan tambaya ce ta marasa ilmin fannin. Lamba ta tashi daga sifili zuwa ɗaya, me kuma ake nema? Amma ya duba kwamfutarsa. Ya sake dubawa. Sannan ya juya wuyansa sannu a hankali zuwa teburin tsakiya, inda Darakta ke tsoma biskit a shayi.

"Ni?" in ji Darakta. "Oho, wannan! Ai kuwa. A sabuwar maƙalata, can ƙasan shafi. Ba sai kin gode ba, Dakta, mun zama ɗaya."

Ya jawo mujallar daga ƙarƙashin tarin faya-fayai ya miƙa mata. Ta gyara tabarau ta bi layin ƙananan haruffan da yatsa. Ga abin da ya rubuta: "Domin ganin misalin aikin da ba shi da mai shi sam, wanda na'ura ta yi daga farko har ƙarshe, ɗan'adam kuma bai saka komai ba sai sunansa a sama, a duba," sannan sunanta da sunan maƙalarta, an rubuta su daidai, ba kuskuren harafi ko ɗaya.

Fankar sama ta ci gaba da kukanta. Daktar ta karanta sau biyu, ta rufe mujallar, ta ajiye ta a kan tebur da hannu biyu kamar mai ajiye ƙwai.

"Malam, wato ni ban yi komai ba."

"A'a, kar ki ɗauke shi da zafi. Magana ce ta ilmi. Ina neman misali ne na abin da kyamara za ta yi da babu kowa a bayanta, sai idona ya faɗa kan maƙalarki."

"A ina idon naka ya faɗa kanta?"

"Kwafin da kika ba ni kyauta. Kullum yana nan kusa da ni." Ya ɗaga kofinsa. A ƙarƙashinsa ga maƙalar, da'irorin shayi sun bi sun yi mata ado. "Duk abin da ke gefen kofin na karanta shi tsaf."

"Cinnakun da suka cije ni fa? Su ma tauraron suka ciza?"

"Cinnaka ba hujja ba ce a ilmi, Dakta."

Ƙidayau ya shiga tsakani da hannu biyu a sama. "Ku tsaya, ku tsaya. Ranki ya daɗe, kwamfuta ba ta san yabo ba, ba ta san zagi ba. Ɗaya dai ɗaya ne. Ni a abin da na gani ma zagi ya fi albarka, don mai yabo sau ɗaya yake yi ya wuce, mai zagi kuwa kullum sai ya dawo. Dokar ta ce masani daga wajen sashenki. Wannan daga wajen sashenki yake?"

"Daga waje yake."

"Masani ne?"

Daktar ta daɗe tana kallon Darakta, wanda rabin biskit ɗinsa ya karye ya nutse, yana farautarsa da cokali.

"Haka takardunsa suka ce," in ji ta.

Ta kwana biyu tana juya maganar a ranta. Ba ta roƙe shi ba, ba ta saya ba, ba ta ɓoye komai ba. In Allah ya so ya turo mata sauƙi a cikin ƙunshin wulakanci, ba ita ce za ta ce ƙunshin bai yi mata ba. Ta ɗauki hoton shafin kamar yadda doka ta buƙata, ta haɗa da sauran takardunta ta miƙa. Ƙidayau ya kwantar mata da hankali cewa tun da aka kafa jami'ar ba a taɓa samun ɗan kwamitin da ya karanta ƙasan shafi ba.

Abin da Ƙidayau bai sani ba shi ne, a cikin 'yan kwamitin akwai wani tsohon farfesan shari'a da aka yi wa aikin ido kwanan nan. Ya shekara da yawa yana ganin duniya dishi-dishi, yana sa hannu a duk abin da aka turo gabansa. Da aka cire masa yanar idon, sai ya kamu da son karatu kamar yaron da ya fara haɗa baƙi. Yana karanta lambar mota, da bayan kwalin sabulu, da umarnin da ke jikin tukunyar kashe gobara. Abokan aiki suka sa masa suna Sabon Ido.

Ranar zaman, aka kira Daktar Daji ɗakin taro mai dogon tebur. Ta shigo da naɗin taswirorinta a hammata, don ba ta zuwa ko'ina ba su. Shugabar kwamitin, mace mai son a gama abu kafin a fara shi, ta riga ta cire murfin biro.

"Takardu sun cika, ambato ya samu. Akwai mai magana? Babu. To..."

"Akwai," in ji Sabon Ido. Ya ɗaga shafin ya kai shi kusa da haske, ya karanta ƙananan haruffan da ƙarfi, yana jin daɗin kowane harafi. Da ya gama ya dubi jama'a. "Ranki ya daɗe, shaidar da 'yata ta kawo ita ce shaidar da ta ce ba ita ta yi aikin ba. In mun karɓi shaidar, aikin na tauraro ne. To wa za mu ƙara wa girma? In tauraron ne, a kira shi ya zauna."

Wani ɗan kwamiti ya ce shi dai bai ga laifi ba a rubuta wa tauraron takarda. Wani ya tambaya ko tauraron ma'aikacin dindindin ne ko na wucin gadi. Shugaba ta mayar da murfin biro ta ce a je a zo da wanda ya rubuta wannan masifa, a haɗo da mai ƙirgar.

Darakta ya shigo fuskarsa fal murna, domin rabon da a kira shi gaban kwamiti don a ji ra'ayinsa har ya manta. Bai jira an ba shi kujera ba ya fara. Ya yi bayanin kyamara da wanda ke bayanta, ya ratsa ta tarihin fim, ya faɗi ra'ayoyi huɗu da ya taɓa riƙewa da dalilin da ya sa kowannensu ya ci amanarsa. Daktar Daji tana zaune tana kallon ɗan ɗakin na'urorinta yana cika da karyayyun kujeru a cikin zuciyarta. Ta yi salati a ɓoye, ta jira har ya tsaya shan numfashi.

"Malam, in tambaye ka a matsayin ɗaliba?"

Kalmar ɗaliba ta yi masa daɗi. "Tambayi, Dakta."

"In an ba ka fim babu suna a jikinsa, ta yaya kake gane yana da mai shi?"

"Da sa hannunsa. Ba na biro ba. Wata ɗabi'a ce da ke maimaita kanta a duk aikinsa, ko ya so ko bai so ba. Wani ba ya iya rufe labari sai an yi ruwa. Wani kullum sai ka ga ƙofa a buɗe a bayan mai magana. Na'ura ba ta da wannan, shi ya sa na ce..."

Daktar ta katse shi. "Kofinka ya rufe tsakiyar aikin. Ga shi babu kofi."

Ta warware taswirorin a kan dogon teburin, ɗaya bayan ɗaya, 'yan kwamiti suna danne kusurwoyin da wayoyinsu da makullan mota. Darakta ya sunkuya da niyyar ya yi kallo ɗaya ya kau da kai. Bai kau ba. Ya bi teburin daga wannan ƙarshen zuwa wancan, hannuwansa a baya, ya dawo. Ya karɓi aron tabaran wani. Ya ja baya ya haɗa yatsunsa huɗu ya yi 'yar taga yana leƙen taswirar ta ciki.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Jama'a, ku dubi wannan. Ayyukanta na farko, kore shar, cike da ƙuruciya da yarda da duniya. Sannan ku dubi waɗannan biyun. Kore ya gudu, komai ya koma toka-toka. Wannan shi ne zamanin baƙin cikinta. Wani abu ya karye a zuciyar mai aikin nan."

"Tawada ce ta ƙare a firinta," in ji Daktar. "Koriyar. Aka daɗe ba a sayo ba."

"Kun ji ko?" Darakta ya juya ga kwamiti yana murmushin nasara. "Duk mai fasaha na gaskiya haka yake musu. Ban taɓa ganin wanda ya amsa ba."

"Malam, tawada ce. Ba zan karɓi abin da ba nawa ba."

"Tawali'u! Shi ma alama ce."

Sabon Ido kuwa ya kifa fuskarsa a kan taswira yana karanta ƙananan rubutun gefe. Ya ɗora yatsa a kan wani fili fari fat a tsakiyar kore. "Wannan fa, 'yata? Ga shi nan, ga wani can, kowace taswira sai na ga irinsa. Nan ma tawadar ce?"

"A'a, Baba. Wannan ni ce. Tauraron yana ba da lamba a kan kowane taƙi na dajin, ba ya barin ko'ina. Amma akwai wuraren da ban samu shiga ba, ko don kogi ya cika, ko don hanya ta yanke, kuma babu wani wuri mai kama da su da na auna. Inda ban tabbatar ba, ba na shafa masa launi. Ina barinsa fari, in rubuta a gefe cewa ban sani ba."

"Ko da na'urar ta ce ta sani?"

"Ita ba za a tambaye ta ba ranar da za a tambaye ni."

Darakta ya fasa wani irin ihu da ya sa Shugaba ta yar da biro.

"Sa hannu! Ga shi nan! Na'ura ba ta jin kunya, jama'a, ba ta taɓa cewa ban sani ba! Wannan farin shi ne ƙofar da ke buɗe a bayan mai magana!" Ya dafa ƙirji. "Ranki ya daɗe, a rubuta. Ni, da bakina, na ce wannan aiki yana da mai shi, kuma ga ta nan zaune. Yau ɗin nan zan rubuta wa mujalla su cire wancan bayanin na ƙasan shafi. Na janye shi!"

"Kar ka kuskura!"

Ƙidayau ne, wanda tun shigowarsa yake tsaye a jikin bango ba wanda ya kula shi. Ya taho har yana tuntuɓe da kujera.

"In ka janye, ambaton ya mutu. Ɗaya a cire ɗaya, ranki ya daɗe, sifili. Ta koma inda ta fito."

Shugaba ta dafe goshi. Sabon Ido ya gyara zama, fuskarsa tana haske, don ya daɗe bai samu shari'a mai daɗin wannan ba. Ya jera musu ita dalla-dalla. In bayanin ya tsaya, akwai ambato amma babu mai aiki. In an cire shi, akwai mai aiki amma babu ambato. Ya ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti ya yi nazari, ya kawo rahoto baɗi.

Baɗi. Daktar Daji ta ji kalmar har cikin haƙoranta. Ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Baba, kai da ka karanta dokar da idonka. Ta ce masani ya ambaci aikin. Ta ce sai masanin ya faɗi daidai?"

Sabon Ido ya jawo dokar, ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya karanta har sunan maɗaba'ar da ta buga takardar.

"Ba ta ce ba."

"To ina roƙon kwamiti ya rubuta abu biyu. Na ɗaya, Malam ya ambace ni. Na biyu, Malam ya yi kuskure, kamar yadda ya shaida da bakinsa. Bayanin ya zauna inda yake, kar a taɓa shi."

Duk idanu suka koma kan Darakta. Sai a lokacin ya gane abin da ake nema a wurinsa. Sauya ra'ayi ba komai ba ne gare shi, yana yin sa kafin karin kumallo. Amma a bar kuskurensa a buge cikin mujalla, da sunansa a sama, kuma a rubuta a kundin kwamiti cewa kuskure ne, wannan wani abu ne dabam.

"Har abada?" ya tambaya da ƙaramar murya.

"Mujalla ba ta ruɓewa da wuri," in ji Ƙidayau.

"Ba za a iya rubuta cewa na yi gaskiya ta wata fuskar ba?"

"Wace fuskar?" in ji Shugaba.

Ya duba sama, ya duba ƙasa, bai samo fuskar ba. Ya dubi Daktar, wadda ba ta roƙe shi da ido ba, ba ta kuma kau da kai ba. Tana zaune ne kawai da hannuwanta a kan cinya. Ya sake duban fararen filayen da ke kan tebur. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya irin ta jarumin da aka harba a ƙarshen fim amma ya ƙi faɗuwa.

"A rubuta," ya ce. "Amma a sa cewa kuskure ne mai zurfi."

"Sakatare, rubuta mai zurfi," in ji Shugaba da sauri, kafin wani ya sake buɗe baki. "Masu goyon baya?"

Hannuwa suka tashi. Na Sabon Ido ne ya zo ƙarshe, don sai da ya karɓi abin da sakatare ya rubuta ya karanta, ya gyara waƙafi ɗaya, sannan ya ɗaga. Shugaba ta rattaba hannu da ƙarfin da ya kusa huda takardar, ta ce Allah ya sanya alheri, ta kuma roƙi kowa ya fita.

A baranda Daktar Daji ta jingina da bango, ta rufe ido ta yi godiya ga Wanda ya kamata. Da ta buɗe sai ta ga Darakta tsaye a gabanta, rungume da naɗin taswirorin da ya tattaro mata, ya ƙi sakin su.

"Dakta, zan rubuta littafi a kanki. Babi na farko, zamanin kore. Amma dole in ga mai aikin a bakin aikinta. Yaushe za ki koma dajin?"

"Da zarar hanya ta bushe."

"Da ni za a je."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan takalmansa masu tsini, masu sheƙi kamar madubi, da siririyar safa mai zanen furanni.

"Ka taɓa kwana a tanti, Malam?"

"Na kalli finafinai da yawa da aka kwana a tanti."

"To madalla. Ka nemi takalmin roba mai kaiwa gwiwa, da wando mai kauri. Kai za ka riƙe bakin igiyar awo." Ta karɓi taswirorinta daga hannunsa, ta maƙale su a hammata, ta nufi matakala don ta je ta gaya wa shugaban sashenta ya nemi wani wurin da zai zuba kujerunsa.